Gaisuwar Juma'ar da ba ta taɓa makara ba

Wata rana, cikin gararambar da nake yi tun dawowata gida, don zama wuri ɗaya ya gagare ni, na tarar da zaman makoki a layin bayanmu. Na tuɓe takalmi na zauna.

Hajiya Ladidi ce ta rasu. Ranar Juma'a ce, ana sadakar uku.

A gefen tabarma ga ƙanenta Mudassir, mai aikin kwamfuta a Legas. Ita ta riƙe shi bayan mutuwar iyayensu. Da safen nan ya iso, idonsa jawur.

Ashe tun bara ya gaji da ƙorafin cewa ba ya gaisuwa. Sai ya haɗa bot, wata manhaja mai aiki da kanta, ya ɗora shi a kan saba, kwamfutar nan da ba a kashewa, ya saita shi: duk Juma'a ya wallafa gaisuwa a shafin sada zumunta na yayar tasa. In ta amsa, bot ya mayar mata da godiya.

Ya huta. Ko leƙawa bai ƙara yi ba.

Ita kuwa, an ce gida-gida take nuna wa mata wayarta, wai auta bai taɓa mantawa da ita ba.

Malam na shafa fatiha, wayar marigayiya ta yi ƙara a hannun babban ɗanta, Sagir. Ya duba, sai ya karanta a fili:

"Barka da Juma'a, Yaya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."



Sagir bai tsaya ba. Ya koma kan ta makon jiya, ya karanta abin da mahaifiyarsa ta rubuta a ƙasa: "Auta, jikin ya yi tsanani. Ka zo in gan ka."

Sannan amsar da ta samu: "Amin, Yaya, na gode."

Ya karanta ta makon da ya gabace shi. Roƙo ɗaya, amsa ɗaya.

Mudassir ya laluba wayarsa. Ya ce, "Sagir, don Allah ya isa. Yanzu zan kashe bot ɗin."

Sagir ya ce, "A'a, Kawu, bar shi. Shi ai ya iso a kan lokaci. Kai ka sha kunu ka koma, dama da bot ɗin muka saba."

Ba wanda ya tsawata wa yaron. Wani dattijo ya janye ƙafarsa, ya buɗe wa Mudassir hanya.

Ya tashi, takalminsa a hannu.

Darasi: Na'ura za ta iya aika gaisuwarka, amma ba ta karanta amsa. In har ka gaji da jin muryar naka, gara ka yi shiru su san matsayinsu, da ka bar su suna hira da bango.

Ka tura wa wanda ya daɗe bai kira gida ba. Da hannunka za ka tura.