Gizella Mai Raɗa

Kowace Laraba da ƙarfe tara da rabi na safe, Halmos Gizella takan sauko daga benenta a birnin Miskolc, ta biya wurin mai burodi ta sayi ƙananan burodin pogacha guda shida masu zafi, sannan ta hau bas zuwa gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari. Shekararta saba'in da takwas. Gwiwarta ta hagu ba ta shiri da matakalar bas, amma kada ka kuskura ka miƙa mata hannu, harara za ka sha. Wurin mahaifina take zuwa.

Mahaifina kam an san shi. Tornyos Vilmos, mai hula ƙarama da kai babba, wanda ya yi shekara da shekaru yana sa mutane dariya a dandamali da kuma finafinai. Har gobe direbobin tasi in sun ji sunan gidanmu sai sun kwaikwayi tafiyarsa da kafaɗa. Ita kuwa Gizella ba wanda ya san fuskarta, don shekara arba'in da ɗaya ta yi a cikin akwatin nan da ke bakin dandamali, kanta kaɗai ke leƙowa ta ɓangaren 'yan wasa, ga littafin wasa ga 'yar fitila. In ɗan wasa ya manta maganarsa, ita ce mai raɗa masa.

Wanda bai sani ba zai ce ai aikin karatu ne kawai. Ina! Mahaifina da shiru yake cin abinci. Zai kawo magana rabi, ya tsaya, ya kalli silin, ya kalli takalminsa, har sai mutane sun matsu, sannan ya saki sauran, ɗaki ya ɓarke. To shirun gwaninta da shirun mantuwa kamarsu ɗaya a idon kowa. Ka yi raɗa da wuri, ka kashe masa dariyar. Ka makara, ka bar shi tsaye yana zufa. Lajos mai jan labule ya ba ni labarin makon da mura ta kwantar da ita, aka ɗauko wani daga garin Debrecen ya riƙe mata. Baba ya yi shirunsa, mutumin ya yi caraf ya raɗo. Sai baba ya sunkuya kan akwatin ya ce da ƙarfi, “Na ji, maigida. Ko za ka fito ka ƙarasa, ni in shiga ciki?” An yi dariya, amma kwana biyu baba bai ci abincin kirki ba.

Gaisuwarsu ma faɗa ce.

“Ina sumbatar hannunki, Gizika. Yau za ki bar ni in yi wasana, ko ke za ki yi?”

“Ka haddace naka mana, Vili, in huta. Ni ke rabin aikin, kai ke kwashe furanni.”

“To ki fito a gan ki.”

“In fito wa zai riƙe ka?”

Ba zan ɓoye ba, ina yarinya haushinta nake ji. A gida sai in yi magana sau uku baba bai juyo ba, amma matar nan ko leɓe ta motsa ya ji.

Shekararsa ta ƙarshe a dandamali ce ta nuna mini ko ke wace ce, Inna Gizi. Mantuwa ta riga ta fara cin sa, mu na gida mun sani, ke ma kin sani, 'yan kallo ne kaɗai ba su sani ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya kai ƙarshen kakar wasan ba tare da an tausaya masa ba. Ke ce kika ɗauke shi, jimla bayan jimla, wata takwas cur. Ilona mai ɗinkin kayan wasa ta ce kullum kika fito daga akwatin, rigarki sharkaf take, muryarki ta dushe. A wasan ƙarshe, wata Lahadi da rana, har ƙofar fita ta ɓace masa. Kika raɗa “hagu”, ya yi dama, ya yi karo da bango. Ɗaki ya kwashe da tafi, suna cewa tsoho bai rage komai ba. Ya sauka da mutuncinsa, ke kuma kika rufe littafinki kika tafi gida a bas.

Bayan shekara uku, wata rana na je ganin sa a gidan tsofaffin, ya dube ni da ladabi ya ce, “Wa kike nema, 'yar nan?” A cikin mota na yi kukana. Ni kaɗai ya haifa, mahaifiyata ta rasu, ba sauran mai kiran sunana da irin muryar da na taso ina ji. Ban kai ƙara wurin kowa ba. Lajos ne ya tsegunta wa Gizella.

Laraba ta gaba na tarar da ita ta ja kujera ta zauna a bayansa, daidai kunnensa na hagu. Ina shigowa na ga leɓenta ya motsa. Baba ya buɗe hannu ya kira sunana, “Bori!” da ƙarfin da na kujerar ƙarshe a gidan wasa zai ji. Tun daga ranar haka muke yi.

Sai wata Laraba a watan Maris. Na shigo, na tsaya, baba ya kalle ni, ita kuwa ta yi gum. Ya kalli silin. Ya kalli takalminsa. Na yi mata alama da ido, ta kau da kai. Raina ya ɓaci, na ce tsufa ya zo kanta ita ma.

“Inna Gizi, don Allah,” na ce.

Ta ɗaga yatsa ɗaya. “Jira.”

Can sai baba ya karkata kai ya ce, “Borbala. Wa ya yi miki wannan askin? Ki faɗa mini in kai shi kotu.”

Na yi dariya ina kuka. Cikakken sunana ne, wanda yake kira na da shi in zai tsokane ni, ita kuwa ba ta taɓa raɗa masa shi ba. A tashar bas na tambaye ta yadda aka yi ta sani.

“Wannan ba mantuwa ba ce, 'yata, shirunsa ne. Da na yi magana da na ƙwace miki.”

Bai sake kiran sunana da kansa ba. Wata goma ke nan. Kowace Laraba in na tura ƙofar nan ina fatan ta yi shiru, kowace Laraba sai in ga leɓenta ya motsa.

Na gode, Inna Gizi, gwanar sanin lokacin magana. Ku kuma masu karatu, in kuna da tsohon da kalmomi suka fara guje masa, kada ku tsaya a gabansa kuna yi masa jarrabawa. Ku ja kujera ku zauna kusa da kunnensa, ku koyi jira. Ni dai na san daga bakin wa sunana yake tasowa kafin ya iso na mahaifina, kuma duk da haka ina amsawa.