Ta Bar Shagona da Kai a Tsefe

Shagona na kitso yana Landover, wani gari a ƙasar Turawa, a jerin shagunan da ke bayan gidan mai, tsakanin mai sayar da giya da mai gyaran waya. Na ambaci maƙwabtan nan ne saboda a shekarar korona, da ƙaramar hukuma ta raba sana'o'i gida biyu, waɗanda ba a rayuwa sai da su da waɗanda za a iya haƙura da su, mai giya ya faɗa kashin farko, ni na faɗa na biyu. Da idona na karanta sanarwar. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi boko, don haka ba na karatu da gaggawa, ba na kuma tsallake kalma. Na bi ta da yatsa har ƙasa. Ba kuskure: kitso ba dole ba ne.

A ranar da dokar ta fito, da safe, wata tsohuwa ta zauna a kujerata. Hajiya muke ce mata. 'Yar Damagaram ce, 'yarta mai haɗa magani a asibiti ta ɗauko ta daga gida, ta kama mata ɗaki a wani ginin tsofaffi a Lanham. Ciwon gaɓɓai ya nannaɗe mata yatsu, ko ɗaurin ɗankwali sai ta sha fama. Ni kuwa Bakanuwa ce, ga wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, saboda haka ba mu taɓa rabuwa ba tare da mun ja juna ba.

"Ke Bakanuwa, a hankali. Kai ne, ba buhun gero ba."

"Hajiya, da Damagarawa sun iya kitso ai da ba ki tsallako teku kin zo wurina ba."

"Jarrabawa ce Allah ya ɗora mini."

Tana da tsarinta da ba ya canzawa. Ranar farko a yi tsifa, a wanke, a shafa man shanu, ta koma gida kai ya sha iska. Washegari da hantsi ta dawo a yi kitso. Ta ce haka uwarta ta yi mata, kuma kan da aka tsefe aka kitsa a zama ɗaya ciwo yake yi. Amma kwana ɗaya tak. Mace ba ta barin kanta a tsefe ya yi ta kwana, in ji ta, domin akwai masu son gashi a sake, kuma ba mutane ba ne. Na sha yi mata dariya. Ba ta taɓa taya ni ba.

Akwai kuma alƙawarin da ta ɗora mini tun tuni. A wurinmu in mace ta rasu, mata ne ke yi mata wanka, su tsefe kanta, su wanke, su yi mata kitso uku, su kwantar da su ta baya, sannan a sa likkafani. 'Yarta tun tana ƙarama ta zo ƙasar nan, ko kalaba ba ta iya ba. Wata rana ina cikin tsaga, Hajiya ta kamo hannuna da nannaɗaɗɗun yatsunta.

"Ukun nan na ƙarshe, ke za ki yi mini. Kada ki bari a kai ni da kai kamar na mahaukaciya."

Na ce, "To, na ji. Amma ba zan rage miki zafin hannu ba."

"Ran nan ki ja yadda kika ga dama."

To a ranar dokar na yi mata tsifa, na wanke, ta ɗaura ɗankwali a kan furfurarta ta ce sai gobe. Kullum takan tattara gashin da ya zuba a mataji, ta dunƙule, ta ƙulle a haɓar zani ta tafi da shi, don ba ta yarda gashinta ya kwana a wani wuri ba. Ran nan ta ce in bar shi, gobe ta haɗa da na kitso. Da la'asar sanarwa ta zo. Kafin magariba na ja ƙofa na sa makulli.

Na so in bi ta gida da kibiyata da man kitso. Ginin nasu ya hana baƙi shiga, har 'yarta sai dai ta ajiye abinci a bakin ƙofa. Na kira 'yar na ce ta fito mini da ita ko a cikin mota ne.

Ta ce, "Anti, ni nake ganin abin da ake shigowa da shi asibiti. Ba zan fito da Mama don gashi ba."

Ban ce ba ta da gaskiya ba. Amma na kashe wayar ban yi mata sallama ba.

Nakan je shagon da rana in duba ko famfo na zuba. Ban taɓa ganin Landover haka ba. Filin ajiye motoci fayau, sai leda tana yawo. Daga nesa kana hango Beltway, titin da ko da yaushe yake ruri, ya yi tsit har kana jin kukan tsuntsu. Mutane na layi a ƙofar mai giya, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara, kowa da takunkumi, ba mai magana. A tagar shagona akwai kawunan roba da nake nuna samfurin kitso a kansu. Shekara da shekaru ina goge su ban taɓa lura da idanunsu ba, sai a lokacin. In na buɗe ƙofa sai in ji kamar na katse musu hira. Matajin Hajiya yana nan a gaban madubi inda na bar shi, da farin gashinta a jiki. Ban taɓa shi ba.

Lambar shagon kaɗai Hajiya ta haddace, don haka nan take kira. In na zo sai in tarar da 'yar jar fitilar na'urar ɗaukar saƙo tana ƙiftawa. In danna, muryarta ta cika ɗakin da ba kowa.

"Bakanuwa, ni ce. Kaina dai yana nan a tsefe."

"Bakanuwa, an ce wai sai wani mako. Kaina ya fara cuɗewa."

Nakan kira ta in tsokane ta, in ce ta bar shi haka, yayi ne, 'yan mata ma haka suke yi yanzu. Wata rana ta ce mini, ba da wasa ba, "Jiya na ji ana taɓa shi." Na ce matashin kai ne. Ta ce, "Na san matashin kai."

Da na ji ƙaramar hukuma za ta saurari masu ƙananan sana'o'i ta bidiyo, na sa sunana. Na zauna a shagon, a kujerar masu kitso, na jingina waya da kwalbar mai. Allon duk baƙaƙen akwatuna ne, kowanne da suna a ƙasa, fuskoki 'yan kaɗan. Wani wuri kare yana haushi. Da aka kira ni na yi magana da Turancina na ajin manya, ban ji kunyar kowa ba. Na ce ba na roƙon a buɗe mini shago. Na ce akwai tsohuwa da na fara wa aiki ban gama ba, a ba ni izini in gama, ko a waje ne, ko da safar hannu. Na ce maƙwabcina yana sayar da giya yanzu haka, ina jin ƙarar kwalabensa ta bango. Wata mata daga cikin 'yan majalisar ta amsa da taushin murya, ta ce ta fahimta, ita ma uwarta tana gidan tsofaffi, amma sana'ar da ake taɓa jikin mutum sai an ga yadda alƙaluman masu kamuwa da cutar suka sauka. Na buɗe baki zan ƙara, na ga an riga an rufe mini murya. Na yi ta motsa baki ni kaɗai, kawunan roba suna kallona.

Bayan 'yan kwanaki saƙonnin suka tsaya. 'Yar ta kira ni: an ɗauki Hajiya zuwa asibiti, an sa mata na'urar numfashi, ba a barin kowa ya shiga, har ita, don ba asibitin da take aiki ba ne. Wata azahar ina shagon wayar ta yi ƙara. Na ɗauka na yi sallama. Ba a amsa ba. Sai wani huci nake ji, yana shiga yana fita, daidai wa daida, ba irin na mutum ba. Na ce, "Hajiya?" Na daɗe riƙe da wayar kafin ta katse. Na faɗa wa 'yar, ta ce ba zai yiwu ba, Mama ba ta cikin hayyacinta, kuma babu waya a kusa da ita. To, ni dai abin da na ji ke nan.

Ta rasu ranar wata Laraba. Doka ta ce jana'iza kada ta wuce mutum goma. A gidan da ake shirya gawa kuma aka ce wanda cutar ta kashe ba a zuba masa ruwa, sai taimama, kuma mace biyu kaɗai za su shiga. 'Yar ta kira ni tana kuka.

"Anti, ta faɗa mini abin da kuka yi da ita. Za ki zo?"

"Ko da kin hana ni ma sai na zo."

Na biya ta shago. Na zare gashin nan daga mataji, na dunƙule shi yadda take yi, na ƙulle a haɓar mayafina.

A gidan shirya gawar aka sa mana riga ta leda, da safar hannu biyu-biyu, da takunkumi, da wani gilashi a fuska. Ɗakin fari fat, sanyi kamar cikin firji, fitila tana zuzu a sama. Matar da ke kula da wurin ta ce za ta zuge jakar da gawar ke ciki zuwa kafaɗa kawai, kuma mu hanzarta. Tun a mota nake shirya zuciyata. Na san abin da makonni suke yi wa gashin da aka bari a sake a kan matashi: dunƙulewa yake yi kamar tsumma. Na taho da mataji mai manyan haƙora, ina tunanin ta ina zan fara.

Aka zuge. Fuskarta ta rame, amma ita ce. Na ɗaga hular takarda da asibiti suka sa mata.

Kanta a kitse yake.

Kitso uku. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, an kwantar da su ta baya. An taje gashin tas, ba cuɗewa ko kaɗan. Tsagar a miƙe, irin wadda sai da kibiya ake fitar da ita. Na sunkuya, har ta cikin takunkumi na ji kamar ƙamshin man shanu, amma wannan ba zan rantse a kansa ba.

'Yar ta dube ni ta cikin gilashi. "Anti, ke ce?"

"Ta ina?"

Muka tambayi matar wurin, ta ce yadda aka kawo jakar haka take, ba wanda ya buɗe. Yatsun Hajiya kuwa ga su nan a nannaɗe, ko cokali da ƙyar suke riƙewa.

Mai kitso tana gane hannu kamar yadda ake gane murya. Wannan hannun gida ne, ba na nan ba, kuma na bahaguwa ne, don kitson ya karkata ta inda nawa ba ya karkata. Na dama ya kai har ƙarshe. Na hagu ma haka. Na tsakiyar ne aka kitsa zuwa ƙeya aka tsaya. Jelar tana nan a sake, an raba ta gida uku, an ajiye kowane a gefensa, yadda mutum yake yi in zai miƙa wa wani.

Daga baya 'yar ta bi diddigi. A sashen asibitin da aka kwantar da Hajiya akwai ma'aikatan jinya 'yan gida, har da wata 'yar Jos da ta ce takan tsaya ta yi wa Hajiya Hausa ko da ba ta cikin hayyacinta. Amma ta ce ita ba ta taɓa cire mata hula ba, kuma a kwanakin nan wa ke da lokacin kitso? Babu wadda ta ce ita ce. Ni na fi son in yarda wata baiwar Allah ce ta yi, aka kira ta gadon wani kafin ta ƙarasa, kuma tana tsoron faɗa don kada a ce ta karya doka. Haka nake faɗa wa mutane. Da aka buɗe mu bayan watanni, na daɗe ina kallon hannun duk matar da ta shigo da kayan asibiti, in ga da wanne take miƙo katin biyan kuɗi.

Amma a ɗakin nan ba ni da lokacin tunani. Matar wurin ta taɓa agogonta. 'Yar ta ce, "Anti, a tsefe a sake ne? Ke ta ce ki yi mata."

Na ce, "A'a. Ba a ɓata aikin mutum."

Na kama jelar nan. Safar hannu tana santsi, gashin yana zamewa, ga sanyinsa yana ratsa leda har cikin ƙashina. Na bi hannun waccan, na karkata ta hagu yadda ta faro, abin da ban taɓa yi ba a sana'ata. Na ce, "Hajiya, Bakanuwa ce. Na zo." Ban ja da ƙarfi ba. Na kitsa har ƙarshe, na murza bakin da yatsa ya kama.

Na kwance haɓar mayafina, na ɗauko dunƙulen furfurar da ta bari a shagona, na tura shi ƙarƙashin kitson tsakiya. 'Yar ta buga hannu a kan dutsen taimama ta shafa mata fuska. Matar ta ja zip ɗin a hankali, ya wuce haɓa, ya wuce goshi, ya rufe.