Farantin Mijin Farfesa

Duk wanda ƙiba ta kai shi wajen Farfesa a asibitin koyarwa, ba a kan sikeli take fara ɗora shi ba. Cewa take, "Je ka gida ka ɗauko mini farantin da kake cin abinci a ciki." In ya kawo sai ta karɓe, ta ba shi ƙarami. A kan wannan dabara ta yi bincikenta, da ita ta zama farfesa, har ɗalibai suke kiranta Uwar Faranti a bayan idonta. Kantar ofishinta cike take da kwanuka, wani ma sai a yi wa jariri wanka a ciki.

Faranti ɗaya ne ba ta taɓa karɓewa ba, na mijinta. Tsohon malamin makaranta ne, ba shi da yawan magana, tela kuwa kowace shekara sai ya ƙara masa yadi. Ita ke zuba masa abinci, kuma sai ya yi tozo take dainawa. In 'yarsu ta yi ƙorafi sai ta ce ai likita ba ya duba iyalinsa. Ba wannan ne dalilin ba. Kowa Farfesa yake ce mata, har shi. Sai ya share farantin nan tas, yana goge gumi, yake cewa, "Kai, Amarya, Allah ya bar mana hannun nan." Saboda wannan kalma take ƙara ludayi.

Da gwaji ya nuna sukarinsa ya hau, likitan da ya duba shi, tsohon ɗalibinta, ya tura shi inda ake tura kowa. Tana cikin ganin marasa lafiya nas ta leƙo tana danne dariya.

"Ranki ya daɗe, na gaba ya zo da nasa tun ba a tambaya ba."

Mijin nata ne ya shigo riƙe da leda. Ya zauna, kujera ta yi ƙara, ya zaro farantin ya ajiye a kan tebur.

"An ce nan ake ƙwace wa bayin Allah faranti."

"Haba Malam, da ka bari mun yi maganar a gida."

"A gida ai ƙari ake mini."

Ta gyara gilashinta, ta yi masa tambayar da take yi wa kowa: "Wa ke zuba maka abinci?"

"Wata baiwar Allah ce. Ba ta da mugunta, hannunta ne dai da nauyi."

Ta ɗora farantin a kan kantar ofishin tare da sauran, ta miƙa masa ƙarami.

Da yamma a cikin ƙaramin ta zuba masa. Ya cinye, ya dubi farantin, ya dubi tukunya. Ludayin na hannunta, ba ta motsa shi ba. Ta tsaya tana jiran kalmar nan.

Ya wanke hannu, ya ce, "Na gode, Farfesa."

Ta rufe tukunyar.