Karen Tokuji Ya Wuce Kilo Goma

Tokuji Hirayama mai aski ne a wani lungu na garin Kiryu. Ya aske kakanni, ya aske 'ya'yansu, jikoki kuwa suka ce askinsa na tsofaffi ne, suka koma shagunan da ake kunna kiɗa. Mutum ne da ya gwammace ruwa ya yi masa dukan tsiya da ya ari lemar maƙwabci. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ce ya ɗora wa wani nauyi.

Tun da matarsa ta rasu, iyalinsa duka bai wuce Genta ba, wani jan kare mai naɗaɗɗiyar wutsiya da ci kamar gara. Sau ɗaya ya taɓa barinsa a gidan da ake ajiye karnukan matafiya. Karen ya ƙi abinci, ya tauni ƙafarsa har jini. Daga nan Tokuji bai ƙara kwana inda Genta ba ya nan ba, shi ya sa ya daɗe rabonsa da yayarsa Fumie, wadda ta goye shi yana jariri. Tana can arewa, a wani ƙauyen masunta kusa da Sakata, tare da ɗanta Norio da matarsa.

Farkon sanyi Norio ya bugo waya.

"Kawu, jikin Inna ya ƙi daɗi. Likita ya ce a bar ta ta ci duk abin da ranta ke so."

Tokuji ya gane. Ya ce yana nan tafe da zarar ya sami masauki. Ya so ya ce, "In zo da kare gidanku?" amma bakinsa ya yi nauyi. Gida ƙarami, ga mai jinya, ga suruka tana fama. Ina shi ina ƙara musu kare?

Sai ya shiga kiran masaukan yankin. Wannan ta ce farcen kare na yaga tabarmar ɗaki. Wancan ya ce baƙi na zuwa wankan ruwan zafi ne don su huta, ba don haushi ba. Kowa sai ya ba shi haƙuri da murya mai laushi, shi ma ya ba su haƙurin damunsu da ya yi, yana rusunawa ga wayar da ba ta ganinsa. Kwana a mota kuwa ba zancensa, ƙanƙara ta fara sauka a can, shi ga ciwon ƙugu. Daga ƙarshe wani ƙaramin masauki a bakin teku ya yarda, da sharaɗi ɗaya: kada kare ya wuce kilo goma.

Ya ɗora Genta a sikeli. Sha ɗaya da rabi.

Wani zai ce karen kilo goma ne ya yi shiru da bakinsa, wa zai bincika? Amma ban da Tokuji. Ka'ida ka'ida ce. Ya rage wa Genta shinkafa, ya hana shi busasshen kifi, safe da yamma suna hawan tudun bayan gari, tsoho na haki kare na haki. Har almakashi ya sa ya rage masa gashi.

Shimada mai awara, maƙwabciyarsa, ta tsaya a ƙofar shago tana kallonsu.

"Maigida, wannan karen gasa za ka kai shi ko kuwa mata za ka nema masa? Dubi yadda ka mai da shi kamar figaggiyar kaza."

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan me? Kai dai ka kira yaron nan ka tambaye shi. Ɗan yayarka ne fa, ba hukuma ba."

"Suna da abin da ya dame su."

"To ka bar mini shi."

"Ba zai ci ba. Kuma ke ma kina da naki aikin."

Ta yi tsaki ta koma kan awararta. Ita ce kuma, Allah ya sani, ke miƙa wa Genta soyayyiyar awara ta bayan katanga don tausayi, sikeli ya yi ta tsayawa wuri ɗaya.

Kowace Lahadi yakan kira Fumie. Muryarta na ƙara sirancewa.

"Kada ka matsa wa kanka, Toku. Hanya ba kyau."

"Ina nan zuwa, Yaya."

"Sai hanya ta yi kyau."

Wata safiya yana tsakiyar yi wa wani tsoho gyaran fuska waya ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya ce ya gode, ya koma ya ƙarasa aikin tsaf, sannan ya juya allon ƙofa don nuna ya rufe shago. Fumie ta cika. Genta kuwa har ranar da sauran rabin kilo.

Ya saka baƙar kwat, ya sa kare a mota, suka kama hanyar arewa. A masaukin ya rusuna ya faɗi gaskiya, cewa karensa ya ɗan haura ka'ida. Matar da ke kula da wurin ta leƙa Genta, ta shafa kansa, ta miƙo tsumman goge ƙafa ta ce su shigo. Ko sikeli babu a wurin. Tokuji ya ji haushi irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ya rasa wanda zai ji wa.

Bayan an gama addu'o'i, Norio ya rako shi mota, ya ga karen a kujerar baya yana lasar gilashi.

"Wannan ne Gentan? Ashe ɗan ƙarami ne ma." Ya juya ga Tokuji. "Kawu, zo ka ga wani abu."

Ya kai shi ɗakin da ke kusa da na marigayiyar. An naɗe tabarmin an jingine, an shimfiɗa leda da tsohon bargo. A kusurwa ga kwano sabo, ko takardar shago ba a ɓare ba.

"Ranar da na fara kiranka Inna ta sa muka gyara shi. Na ce bari in gaya maka, ta hana. Wai in ka ji an yi maka shiri, dole ka taso cikin ƙanƙara, ita kuwa ba za ta ɗora maka nauyi ba."

Tokuji ya duƙa ya ɗauki kwanon. Sannan ya tambayi Norio ko akwai sauran shinkafa a tukunya, ya ce karen ya kwana biyu bai ƙoshi ba.