Bajapanen da muke cin abincin rana tare

Shekarata ta farko a Riyad, a wata masana'antar bututun ruwa nake aiki, can Birnin Masana'antu na Biyu. Iyalina suna Zariya, iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta kai in ɗauko su ba tukuna. In an tashi cin abincin rana, kowa sai ya nemi 'yan ƙasarsu. Mu biyu ne ba mu da kowa, ni da wani Bajapane, tafintan kamfanin da ya sayar mana da injuna. Haka muka fara zama tebur ɗaya.

Ya ɗan girme ni, ba shi da yawan magana. Kullum da wani ƙaramin littafi a aljihunsa, rubutun ciki a murɗe kamar zare ya harɗe. Ran nan na tambaye shi, da Turancinmu na wurin aiki, ko littafin inji ne.

Ya yi dariya. "Tsohon rubutunmu ne. Ko a gida ba kowa ke iya karanta shi ba."

Ashe ba aikin tafinta ya karanta ba. Jami'ar da ya yi ta addininsu na gargajiya ce, Shinto, inda ake koyar da tsofaffin littattafai da hidimar ɗakin bauta. Mahaifinsa ke kula da wani ƙaramin ɗakin bauta a ƙauyensu cikin duwatsu, shi aka shirya ya gaje shi. Yana gamawa ya gudu.

"Ƙauyen duk tsofaffi ne," in ji shi. "Shirun ne ya ba ni tsoro."

Na taɓa rubuta masa sunansa da ajami a bayan wata takarda. Ya daɗe yana kallo, ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce kakana. Ya ce shi ma kakansa ne ya fara riƙa masa hannu. In an kira azahar, shi ke tsare mini abincina har in dawo.

Wata bakwai muna haka. Wata Lahadi na tarar da shi zaune, bai ɗebo abinci ba. Mahaifinsa ya faɗi, ba ya iya tashi.

"Babu mai share harabar ɗakin bautar," ya ce.

Ranar Alhamis ya tafi ƙauyensu. Sau ɗaya ya turo mini hoto, yana sanye da fararen kayan masu hidimar ɗakin bauta, ya rame, ba kowa a bayansa sai dogayen itatuwa. Na rubuta masa doguwar amsa a motar ma'aikata, a hanyar Manfuha, unguwar da nake zaune. Na ga alamar ya karanta. Ban sake ji daga gare shi ba.