Kawu Tanko da Tafiyar Yawuri

Duk wanda ya san Kawu Tanko ya san ba ya hawa kekensa a kan tsakuwa. Da ya hango burji sai ya sauka ya tura, in ya iso rafi kuwa ya ɗora shi a ka. Na taɓa ce masa, "Kawu, wai kai ke da keken nan ko shi ke da kai?" Ya nuna min faso a dugadugansa ya ce, "Ke Ladi, ƙafa in ta fashe tana warkewa. Kin taɓa ganin tayar da ta warke?"

Shi wan mahaifiyata ne, manomi a Saulawa. Yana da yaya, Inna Hanne, wadda aure ya kai Yawuri, kuma sun fi shekara ashirin rabonsu da juna. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ga tsufa ya kama kowa. Ni dai kullum fargabata kada ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya ba su gana ba.

Wata shekara bayan kaka sai ga ƙararrawa a ƙofar gidana a Makarfi. Kawu ne, ƙura har gira.

"Yawuri za ni, wajen Yaya. Daga nan zan tashi."

"A keke, Kawu?"

"A'a, a bayanki!"

Maigidana ya ce zai sa shi a mota, kwana ɗaya ya isa. Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "In ba wa yaron da ban san ubansa ba amanar raina? Na gode." Na miƙa masa waya ya ji ko muryarta ce, ya ture hannuna. Wai zumunta a ƙafa take, ba a kunne ba.

Aka shiga shiri. Ya shimfiɗa sabuwar tabarmata a tsakar gida, ya kwance keken nan kaf: taya gefe, sarƙa gefe, 'ya'yan boris a farantina na baƙi. Man gyaɗan miyata ma bai tsira ba. Yana cikin goge-goge sai kazata ta zo ta haɗiye ɗan boris ɗaya. Wayyo, zo ku ga tashin hankali! Ya kife ta da kwando, ya ja kujera ya zauna gadi har kwana biyu.

"Kawu, mai faci na bakin kasuwa yana da sababbi," in ji maigidana.

"Sabo bai san hanya ba."

Da abin ya ƙi fitowa, dole aka yanka min kaza, aka same shi a ƙundu. Kawu ya wanke abinsa ya mayar, sannan ya cinye cinya biyu yana cewa miyar ta so gishiri.

Sati uku ya yi kafin keke ya tashi tsaye. Na ɗaure masa mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli a kariyar keken, ga famfo, ga buta. Na ce to Allah ya kiyaye hanya. Sai ya ce, "Wace hanya? Ban yi sallama da mutane ba. Mai hankali ba ya doguwar tafiya bai nemi gafara ba. Wa ya san gawar fari?"

Nan fa ake yinta. Ya bi Ikara gida-gida. Ya zarce Paki wajen wani da suka yi cacar baki kan iyakar gona tun ina goye. A Kudan ya tarar wani abokinsa ya tafi cin rani, ya zauna jiransa kwana tara, wai ba a aika neman gafara. Ko'ina kuma sai an ba shi saƙo: wannan barkono, wannan daddawa, waccan ta ce a kai wa Hanne kauɗa. Ranar da ya dawo gidana ba a ganin keken sai kaya. A ranar kuma aka yi ruwan farko. Ya tsaya yana shaƙar ƙamshin ƙasa, ya ce, "Shuka ba ta jiran matafiyi. Sai baɗi."

Baɗi aka maimaita, har da neman gafarar, wai ta bara ta tsufa. Haka muka yi shekara uku. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kira 'yar Inna Hanne na zayyana mata komai.

A shekara ta huɗu, keke na kife a tsakar gidana ƙafafu sama, sai muka ji tsayuwar mota. Wata 'yar tsohuwa ta shigo da sanda, ta tsaya a kan Kawu yana gyara.

"Tanko, har yanzu ba ka yi hankali ba?"

Sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa kamar ƙaramin yaro, ya ce, "Yaya! Haba Yaya, da kin ƙara haƙuri. Jibi fa zan taso!"

Ta ɗana masa sanda a kafaɗa, ta fashe da kuka, mu kuma muna dariya muna share hawaye. Wata guda ta yi mana. Kullum suna ƙarƙashin dalbejiya suna musu kan wanda uwarsu ta fi so, ba su kuma daidaita ba har ta koma.

Da daminar nan Kawu ya kwanta, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Maigidana ya ba ni labari cewa a wajen jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci. Sai mutumin nan na Paki ya ce, "Malam, me ya rage? Sau uku yana zuwa har ƙofar gidana." Aka yi 'yar dariya, daga nan kowa ya sunkuyar da kai.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko. Yadda ya bi bayinka ɗaya bayan ɗaya suka yafe masa, ya Allah kai ma ka yafe masa, ka sauƙaƙa masa wannan tafiya. Amin.