Kujerar Dama a Motar Ketill

Ketill maƙwabcina ne, in har za a kira mutumin da dutse da kogi suka raba ku maƙwabci. A kwarinmu na yammacin Iceland haka muke kira, don ba mu da wanda ya fi shi kusa. Da can ko'ina ka duba hayaƙi ne ke tashi daga gidaje. Yanzu nasa ne da nawa.

Tumaki yake kiwo tun yana saurayi, a gidan ƙarshe, inda kwalta ta gaji ta bar wa duwatsu hanya. Matarsa Rannveig ta rasu, ta bar masa tumakin da wata tsohuwar jif koriya da suka saya suna ango da amarya. Motar ce ke kai shi kanti, ita ke kai shi asibiti, ita ke hawa dutse da shi neman tunkiyar da ta ɓata. A kakar bara sifirin ɗinta na baya, ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, suka gaji, gindinta ya zauna kamar tsohuwar da ta sami kujera.

'Yarsa Ásdís, da ke aiki a Reykjavík, ta buga waya.

"Baba, ranar Lahadi ina tafe. In na tarar da motar nan tana jan gindi, ka haɗa kayanka. Ɗaki na nan na gyara maka. Ba zan bar ka cikin ƙanƙara da akwalar mota ba."

"Wa ya ce miki tana jan gindi?"

"Mai kanti. Ya ce tun daga gada ake jin zuwanka."

Ketill ya san ɗakin. Tagarsa bangon wani gida take kallo.

Ni na kai shi filin matattun motoci na Grímur, can bakin teku. Iska na shiga ta tagogin da ba gilashi tana fita da kuka. Ketill na tafe tsakanin layuka yana gaishe da motoci da sunayen masu su: wannan ta limamin coci ce, waccan ta mai kai madara. Masu su duk ya raka su kabari.

Grímur ya fito daga rumfarsa da kofin kofi a hannu.

"A'a, tsoho! Motar ka kawo min ko kanka? Duka biyun ina da wuri."

"Sifirin nake nema, ɗan nema. Na baya, guda biyu."

"Na irin taka? Ai sai gidan tarihi." Ya yi dariya, ya nuna da haɓa. "Ga wata can bayan tarakta. Ƙashi kawai ya rage, amma ƙafafunta garau. Ka zo da safana? Nan kowa shi ke fiɗar abinsa."

Motar ba ƙofa, ba kujera, ba sitiyari. Ketill ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashinta, ni ina miƙa masa kayan aiki ina kuskure. Notunan sun yi tsatsa, sai da ya yi ta lallashinsu da mai da guduma. Ya san abin da yaran yanzu ba su sani ba, cewa a irin waɗannan motoci sifirin biyun ba ɗaya ba ne, na gefen direba ya fi ƙarfi, don shi ke ɗaukar mutum kullum. Saboda haka da ya kwance su, ya ciro jan allin da yake shaida tumaki da shi, ya yi wa na dama alama. Dama ta koma dama, hagu ta koma hagu, yadda ya same su.

Ranar Asabar muka ɗaura su a rumbun ciyawarsa. Da muka sauke jak, motar ta miƙe kamar budurwa. Ketill ya shiga ya zauna a kujerarsa ta hagu, sai ta karkata da shi. Kujerar dama, inda Rannveig ke zama, ta ɗaga sama, fanko.

Ya buga wa Grímur waya.

"Kai, wace irin mota ka sayar min da ƙafafunta?"

"Ta wani Bature ɗan Ingila ce, ya ce zai ƙetare kogi, kogi ya ce bai yarda ba." Sai dariya ta ƙwace masa. "Wayyo tsoho! Ai su a dama direbansu ke zama! Ka sa mai ƙarfin a inda ba kowa. Sai ka musanya, ko ka yi sabon aure."

Musanyawa aikin yini guda ne, gadon bayan Ketill kuwa ya riga ya ƙi lanƙwasuwa, ni kuma marubucin waƙoƙi ne, hannuna alƙalami kawai ya sani. Ya daɗe yana kallon motar. Daga baya ya yanka mana busasshen kifi, ya shafa man shanu, muka ci.

Da safiyar Lahadi ya riga bas isa bakin titi, ya faka a kan gangara, inda ko coci aka gina sai ta karkata. Ásdís ta sauko, ta zagaya motar, ta danna bayanta da hannu, ta leƙa ƙasa. Sannan ta buɗe ƙofar dama ta zauna a wurin uwarta. Suka hau hanya, motar ta daidaita tsaf. Ko kofin da ke gaban gilashi bai zame ba.

"Baba, ai ta koma sabuwa! Wa ya gyara maka?"

"Ni da wancan mai waƙoƙin."

"Shi? To lallai an yi abin mamaki."

Ta yini, ta wanke masa labule, ta cika masa firji, ta ƙirga magungunansa. Da yamma ya mayar da ita bakin titi, ya sake hawa gangarar nan.

"To, na bar ka wannan hunturun," in ji ta. "Amma ka riƙa ɗaga waya."

Ta sauka. Shi kaɗai ya ji motar ta saki gefensa a hankali.

Ya ci hunturunsa a gidansa. Daga tagata nakan hango fitilun jif ɗin suna gangarowa cikin farin dusar ƙanƙara, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar mai sauraron wani abu da kunne guda. Da ƙanƙara ta narke, bayansa ya warke, na ce masa mu musanya sifirin ɗin mu huta.

Ya dubi kujerar dama.

"A bar su," ya ce. "Ásdís ta ce wataƙila ta zo lokacin haihuwar tumaki."